Jawabin Maraba ga Mai Martaba Lamiɗo a Makarantarmu ta Koyon Hawan Doki, Garwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara. Lawanai da masu unguwanni, malamanmu, wakilin ma'aikatar kiwo, iyayen yara, assalamu alaikum.

A madadin malamai da ɗaliban wannan makaranta, ina yi maka barka da zuwa, barka da hanya. Mun san hidimar jama'a ba ta barin ka hutu, amma ka tako har bakin turkenmu. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ba mu za mu gaya maka darajar doki ba. Da shi aka kafa masarautun ƙasar nan, daga Garwa har Rai Buba, kuma har gobe ba a cika Sallah sai dawaki sun fito jafi a ƙofar fada. Abin da ya sa muka buɗe wannan wuri shi ne abin da muke gani bayan an watse: doki a turke, bakinsa na jini saboda linzami, haƙarƙarinsa duk sawun kaimi, mahayin kuwa yana can ana yi masa kirari.

Shi ya sa yaron da aka kawo mana ba ya fara da sirdi. Wasu iyayen ma sun yi mana ƙorafi, wai sun kawo ɗa ya koyi hawa an mai da shi mai kwasar kashi. Haka ne, kuma ba mu fasa ba. Sai ya iya sharar barga, ya iya ɗaga ƙafar doki ya duba kofato, ya iya jan ragama ba fizga, sannan ya sa ƙafa a likkafa. Wanda ya san dokinsa da lafiya shi ke gane ranar da ya tashi ba daidai ba.

Muna daɗewa a kan abinci, domin nan ake yawan asara. Tumbin doki ƙarami ne, kuma Allah bai ba shi ikon yin amai ba. Abin da ya shiga sai dai ya wuce. Idan aka bar shi da yunwa wuni guda, sannan aka cika masa ciki da gero don gobe hawa, ciwon ciki aka gayyato, kuma yakan kashe doki cikin dare ɗaya. Muna koya wa yaran ciyawa da harawa su zama gaba, hatsi da dusa kaɗan-kaɗan, da ɗan kanwa irin wadda ake kawo mana daga Cadi. Ruwa kuma, doki yana shan kamar lita 30 a rana ko da bai yi aiki ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, abin da yake bukata ya fi haka nesa, don haka a watannin nan ba ma ɗaura sirdi sai da sassafe ko bayan la'asar.

Damina da tata fitinar. Ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba su ke yaɗa annobar dawaki, tsando kuma yana kawo sammore. Ƙananan dawakin ƙabilar Musai na kwarin kogin Logon suna jure wa tsando, amma manyan dawakinmu na fada ba su da wannan juriya. Muna shigar da su rumfa kafin faɗuwar rana, a yi musu hayaƙi, in an ga zazzaɓi a kira likitan dabbobi da wuri, a daina jiran sai doki ya kwanta. Ga LANAVET, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, nan Bokle kusa da mu, ba mu da hujjar yin aiki da ka.

Sai maganar linzami, wadda ita ce mai wuya, domin ta taɓa gado. Linzaminmu na gargajiya yana tsai da doki cak a tsakiyar sukuwa, shi ya sa ake son sa. A hannun gwani ba laifi. A hannun yaro mai neman a tafa masa kuwa, wuƙa ce. Ɗalibanmu da linzami mai sauƙi suke farawa, su koyi juya doki da zama da cinya kafin hannu. Haka nan ba ma yarda a yi sukuwa da doki ɗan shekara 2, tun da ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Malamanmu da ke zaune nan sun riga mu sanin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana dukan dabba a fuska, ya kuma hana a mai da bayanta mumbarin hira.

Allah ya taimake ka, baƙo ba ya zuwa a tare shi da roƙo, amma uba ne ya zo. Abin da muke faɗa shekara guda ba a ji ba, kalma ɗaya daga fada ta ishe shi. Muna roƙon a sa masu kula da bargar fada su riƙa duba dawaki kafin kowane hawa, wanda ke da gyambo a baya ko ɗingishi a bar shi gida, ko na wane ne. Muna kuma roƙon filin atisaye mai inuwa da rijiya, domin wanda muke aro ya yi mana kaɗan.

Yanzu, in ka ba da izini, yara za su fito da dawakinsu. Muna so a duba bakin kowanne da bayansa kafin su hau.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ya mai da kai fada lafiya tare da 'yan rakiyarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.