Makarantar ƙauye da darasin da ke bayan zana

Wannan lacca ce da wani tsohon daraktan makarantar firamare ya gabatar a Damagaram ga matasa masu koyon aikin malanta. An rubuta ta daga muryar da aka ɗauka a wurin.

Assalamu alaikum. Ina gaida shugabannin wannan zama da malamai abokan aikina, sannan ku ƴaƴana da kuke shirin karɓar alli, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. Na baya, kuna jina? To, madalla. Na shirya muku magana huɗu: aikin yau da kullum a cikin aji, fita kusa da gari, tafiya mai nisa zuwa birni, sai kuma yadda ake auna abin da yaro ya samu.

Na farko. Yawancinku ba a unguwannin Birni ko Zongo na nan Damagaram za a ajiye ku ba. Za a tura ku ƙauyukan da ke bayan Mirriya, ko Matamai, ko Magarya, wasu ma har Gure da Tanut, kuma abin da za ku tarar shi ne ajin zana wanda ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ga yara zaune a kan yashi, ga littafi ɗaya a hannun mutum huɗu. Sabon malami yakan zauna daren farko ya rubuta abin da babu: babu tebur, babu taswira, babu ma'auni. Ya rubuta, domin haƙƙin yara ne a nema musu. Amma ina roƙon ku ku juya takardar ku rubuta abin da akwai: rijiya, kasuwa, maƙera, gonaki, da tsohuwar da ta san sunan kowane tsiro a dajin garin.

Da waɗannan ake aikin kullum. Yaran ajin farko su yanko karan hatsi guntu-guntu, su ɗaure goma-goma da zaren kaba, to sun riƙe goma da ɗari a hannunsu kafin su gan su a allo. Manya kuma ku ba su aikin kasuwa: duk ranar da kasuwa ta ci, yara biyu su tambayo kuɗin tiyar hatsi da ta wake, a rubuta a gefen allo, kada a goge. Daga kaka zuwa bazara za su ga da idonsu yadda kuɗin yake hawa, kuma ranar da wani yaro ya tambaye ku dalilin da babansa ya sayar da arha sannan ya dawo yana saye da tsada, ranar kun fara koyar da lissafi na gaskiya. Ku bar su su fara bayani da harshen da suke mafarki da shi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973.

Na biyu shi ne fita, kuma a nan ne zuciyata take. Idan na ce fita, kada hankalinku ya tafi ga mota da kuɗin mai. Ina nufin tafiyar minti goma da ƙafa, daga bakin zana zuwa gawon da ke gonar farko. Duk wanda ya bi hanyar Matamai ko ta Magarya a cikinku ya ga yadda gawo ya cika gonaki, kuma yaran nan a ƙarƙashinsa suka tashi, a nan suke kiwo, amma ku tambaye su abin da ya bambanta shi da sauran itatuwa, za ku ji aji ya yi tsit. Abin da mutum yake gani kullum shi ne abin da bai taɓa dubawa ba.

Ga yadda nake yi. Cikin watan Janairu, da hantsi, nakan fita da su in ce kowa ya tsaya ya duba gabas da yamma, ya gaya mini wane itace ne yake da ganye, wane ne ya zubar. Sai su ga kuka ta tsaya tsirara, gawo kuwa kore shar. In ce, to da damina fa? Sai masu kiwo su yi caraf su ce da damina gawo ba shi da ganye. Ai kun ji, su ne suka faɗa. Daga nan tambaya take haifar tambaya. Idan ba shi da ganye da damina, shin yana tare wa hatsi rana? Ba ya tarewa. Ganyen da ya zubar ina ya tafi? Ya ruɓe a gindinsa. Da rani ina dabbobi suke kwana da rana tsaka? A inuwarsa, suna cin ƴaƴansa, suna barin taki. Sai in ƙara musu abin da ido ba ya gani, wato a saiwarsa akwai ƙananan halittu masu ɗauko sinadarin da shuka take bukata daga iska su ajiye a ƙasa, irin yadda wake da gyaɗa suke yi. A ƙarshe yaro da kansa yake gano dalilin da hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da cikar zangarniya.

Ban gama da gawon ba, ku yi haƙuri. Wata shekara na ce da ƴan ajin ƙarshe, wa zai gaya mini tsawon wannan itace? Nan take wani yaro ya tuɓe takalmi ya nufi gindin zai hau, sai da ƙaya ta tuna masa da sunan itacen. (Dariya.) Na ce ba mai hawa. Muka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, muka auna inuwarta, ta ba mu mita biyu. Muka ja igiya daga gindin gawo zuwa ƙarshen inuwarsa, ta ba mu mita ashirin da huɗu. Na yi shiru, kuma ina roƙon ku ku koyi wannan shirun, domin shi ne ya fi wuya a aikinmu. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, wadda kullum take makara saboda ɗiban ruwa, ta ce a hankali, Mushe (wato Malam), idan inuwar sanda ta ninka sanda, ai inuwar gawo ma ta ninka gawo, ke nan sha biyu ne. Na yi mako biyu ina koyar da wannan ƙa'ida a allo ba ta shiga ba, ita kuwa ta cafke ta tana tsaye a rana, ƙafarta cikin ƙura. Har yau idan na rufe ido ina ganin yadda ta rufe bakinta da gefen hijabi bayan ta faɗa, tana jiran a ce ta yi kuskure.

Kada ku je wurin gawo ku kaɗai. Ku gayyaci mai gonar, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce Baba, yau kai ne malami. Zai nuna musu sassabin zamani, yadda ake barin tohon da ya fito daga kututture, a zaɓi mai ƙarfi a rage sauran, maimakon a sare duka a cinna wuta. Zai gaya musu cewa ƙwayar gawo ta fi saurin tsirowa idan ta bi ta cikin dabba. Wataƙila ma ya ba su labarin da dattawanmu suke bayarwa, cewa sarakunan Damagaram na da sun tsananta hukunci a kan mai saran gawo. Kun ga a gindin itace guda an yi kimiyya, an yi lissafi, an yi tarihi, kuma dattijon da yake ganin lakwal ba tasa ba ce ya koma gida yana cewa yau na karantar. Ranar dashen itace ta ƙasa, 3 ga Agusta, tana faɗowa ne cikin hutu, saboda haka idan kuka jira ta, ba za ku taɓa dasa komai da ɗalibanku ba. Ku sa su shuka iri a leda tun bazara, kowa ya tafi da nasa gida.

Haka rijiya. Ku tambayi masu jan ruwa zurfinta, za su ce gaba kaza. Ku sa yaro dogo da yaro gajere kowa ya auna igiyar guga da gabarsa, lissafi zai saɓa, gardama ta tashi, kuma a cikin gardamar za su fahimci abin da ya sa duniya ta yarda da mita. Kafin a tashi hutu kuma ku ba yara uku gwangwani mai miƙaƙƙen jiki su kafa a fili, duk ruwan da aka yi su auna zurfinsa su rubuta. Milimita ɗaya a gwangwanin daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na gonar babansu.

Na huɗu, a'a, na uku, kuma ina ganin ana nuna mini agogo. Tafiya birni. Idan Allah ya hore sau ɗaya a shekara, ku kawo su nan. Ku kai su fadar Sarkin Damagaram, ku nuna musu ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun, ku gaya musu cewa Faransawa sun ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Ku bi da su majema su ga yadda ake jima da bagaruwa, wadda take zube a bayan gidajensu. Ku hau da su kan duwatsun gari, ku tambaye su abin da ya sa birni mai girma haka yake wahalar ruwa har ana janyo shi daga Gogo da Machaya, su taɓa dutsen da hannunsu su ba da amsa. Abu ɗaya nake gargaɗi: ruwan sha. Na taɓa fitowa da yara talatin, motar da muka yi alkawari da ita ta makara awa uku, jarkunanmu suka ƙare kafin azahar, yaro ɗaya ya faɗi. Ya farfaɗo, alhamdu lillahi, amma tun daga ranar nake ninka ruwa, kuma ba na fita cikin Afrilu da Mayu.

Saura maganar aunawa. Na'am, ƴata, ga hannunki a sama, bismillah.

Wata ɗaliba: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Inda na yi gwajin koyarwa, iyaye sun ce fita yawo ne, kuma ba su bar ko yarinya ɗaya ta bi mu ba. Yaya zan yi?

Kin yi tambayar da ta fi abin da na shirya faɗa, saboda haka da ita zan rufe. Ƴata, kada ki ɗauka iyayen nan ba su son ilimi. Uwar da ta hana ƴarta fita tana da dalili uku da nake yawan ji: tana tsoron abin da zai same ta a hanya, tana tsoron bakin mutane, kuma aikin da yarinyar take yi mata da hantsi ba mai yi. Ko ɗaya ba a kawar da shi da takardar izini.

Ki fara da gaisuwa. Ki je gidan mai gari, ki je wurin liman, sannan ki zauna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar uwaye, ki gaya musu inda za ku, da lokacin tafiya da na dawowa, da abin da za a koya. Kada fitarki ta farko ta wuce inda uwa za ta hango ƴarta daga ƙofar gida. Ki roƙi mata biyu masu mutunci a garin su raka ku, kuma kada ki ɗauke su ƴan rakiya kawai: ki nemi ɗaya ta nuna wa yara yadda ake gane yaɗiya da tafasa, ko yadda ake saƙa tabarmar kaba, ana ƙidaya zaren. Ki kauce wa ranar kasuwa, domin ranar talla ce. Ki dawo kafin lokacin da kika faɗa, ko da darasi bai ƙare ba, saboda makarar rabin awa a fitar farko tana iya rufe miki ƙofa shekara guda.

Idan kun dawo, ki sa kowace yarinya ta koma gida da abu a hannu, ko zanen ganye da sunansa, ko lissafin buhunan da rumbunsu zai ɗauka, ta karanta wa uwarta da dare. Yarinyar nan mai inuwar gawo, uwarta ce ta zo makaranta bayan kwana biyu, ta tsaya a bakin zana da tulu a kanta, ta ce an gaya mata ƴarta ta auna itace ba ta hau ba, tana so a nuna mata yadda aka yi. Muka fita da sanda, yarinyar ta nuna mata. A fita ta gaba ita ce ta rako mu, ta kuma zo da ƴaƴan maƙwabtanta biyu.

An ce lokaci ya cika. Wanda yake son maganar aunawa ya same ni a waje bayan sallah, ina nan har la'asar. Na gode, Allah ya ba ku sa'a a inda za a tura ku. Wassalamu alaikum.