Ɗaga bodin kat-kat: abin da ake mantawa kafin a taɓa jak

Salamu alaikum jama'a. Tunda hoton Hilux ɗin nan da aka ɗaga ya fara yawo a WhatsApp kowa sai tambaya yake, wai in an ɗaga ta haka ta daina kahewa cikin rairayi kenan? To bari mu gani da ido, ga mu cikin garaji nan Maradi.

Ku dubi ƙasan motar. Wanga baƙin ƙarfe mai kama da tsani shi ne shasi, inji da giya da tayoyi duk a kansa suke. Bodi kuma ɗora shi aka yi sama aka ɗaure da bulon. Aikin duka shi ne a sa kal, wato 'yan dunƙulen da ke ɗaga bodi, ga su nan, na roba mai tauri ko alminiyom, tsakanin su biyun, yawanci santimita 5. Motar da ke da shasi daban ake ma haka, irin su Hilux, Land Cruiser, Patrol. Mai RAV4 ka yi haƙuri, taka bodi da shasi a haɗe suke, babu wurin sa komi.

Kuma amsar tambayarku, a'a. Ƙasan motar bai tashi ko kaɗan ba, wancan ƙullutun da ke tsakanin tayoyin baya yana nan inda yake. Wuri kawai ka samu na sa babbar taya, ita ma in ta fi tsohuwar da santimita 5 a tsaye rabi za ka ci, 2 da rabi. Shi ke nan ribar.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata aiki, a nan zan daɗe. Bodi zai hau, inji bai zuwa ko'ina, to duk abin da kansa ɗaya ke jikin bodi ɗayan ke jikin shasi dole ya ja. Tsaya da kyamarar nan ƙanena. Kun ga fanka? A jikin inji take. Lagireto kuwa da murfin robar da ya zagaye fankar a gaban bodi aka ɗaure su, ka ɗaga ba ka kwance murfin ba ka tada mota sai ka ji karaf karaf, fanka ta ci murfi, in ranar ba taka ba ce ta haɗa da lagireton, a zafin watan Afrilu kuwa kun san sauran zancen. Sai an sauko da murfin ya yi daidai da fankar.

Sai sandar sitiyari, ita ce ke ban tsoro wallahi. Daga hannunka ta taho ta sauka kan shasi, ana sassauta ta kafin a ɗaga, bayan an gama a duba ko haƙoran sun shiga sosai, in sun kama da baki-baki kawai a sa mata ƙari na kirki. Kar wani ya ce maka bari a ɗan haɗa ta da walda. Tiyon birki ma haka, taɓa shi da yatsa, in ya miƙe kamar tsirkiyar gurmi bai yi ba. Ga wayar mas, wato wayar lantarkin da ke haɗa bodi da shasi ko inji, ga tiyon zuba mai, ga birkin hannu, ga sandar giya da za ta nutse ƙasa har ta riƙa bugun ƙarfen daɓe ta ƙi shiga ta biyu ko ribas.

Sauran aikin gudu ne. A sassauta bulon duka, a cire na gehe guda kawai, a sa katako kan jak kar ya lotsa bodi, a ɗaga sannu sannu ana leƙawa, a zura kal, a sa dogon bulon mai lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a kansa, a koma ɗaya gehen. Hannu dai kar ya shiga tsakanin bodi da shasi, Allah ya kiyaye. Sai an gama duka a ɗaure tamau.

Bamba za ta zauna ƙasa ta bar giɓi kamar mai wushirya, wasu na ɗaga ta wasu su bar ta. Ni dai a ganina kar a wuce santimita 5, don motar na daɗa tsawo tana daɗa layi a kwana, balle an lafta buhunan gero da jarkoki a sama an nufi Bermo. In ka je ka dawo, ka sake bin bulon ɗin nan da sifana ɗaya bayan ɗaya.