Itatuwan da ke rufa wa tsakar gida asiri

Maƙwabci ya ɗora bene, tagarsa tana kallon madafarku, katanga kuma mita 2 ce kacal. Maimakon ƙarin bulo, a dasa itace. Sai dai kada ku zaɓa da damina, lokacin da kowane icce yake kore shar. Ku zaga unguwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru yake kan ganiyarsa, ku ga wanda bai kaɗe ba. Zogale da bini-da-zugu da aguwa duk tsirara suke yi da rani. Gawo kuwa nasa a juye ne, da damina yake zubar da ganye.

Dalbejiya, wadda wasu ke kira maina ko nim, ita ce mai jure fari, shi ya sa ta cika titunan Marwa da Njamena. Matsalarta saiwa. A ƙasar karal, mai laka da tsagewa da rani, saiwar tana tsotse danshin ƙarƙashin gini, ƙasa ta motsa, katanga ta dare. Ku ja da ita aƙalla mita 4 daga bango da ramin masai. In shinge ake so, a jera ta mita ɗaiɗai, a sare kai idan ta kai mita 3, a riƙa aske gefe sau biyu a shekara. In aka ƙyale ta, ganye ya koma sama, ƙasa ya zama wayam, mai leƙe ya ci gaba da leƙensa.

Gidan da ba fili sai ashoka, doguwar nan siririya mai rassa a sunkuye. Tana wuce mita 10 ba ta buɗe ba, tazarar mita ɗaya da rabi ta isa. Amma 'yar ruwa ce. A Ngaundere mai yawan ruwan sama ba damuwa, a Kuseri mai ƙarancin ruwan sama kuwa in babu famfo ko rijiya a gida, kada a fara. Itacen turare ma a bar wa gona, ya cika shan ruwa, reshensa na karyewa da iska.

A haƙa rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi. A gauraya ƙasar sama da bokiti guda na ruɓaɓɓen taki, ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A yanke ledar da dashen ya zo a cikinta gaba ɗaya, kar a binne wuyan dashen. Lokacinsa ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da ruwa ya zauna.

Ranin farko shi ne mai kisa. Jarka mai lita 20 ga kowane tushe, sau biyu a mako, da yamma, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin iccen ba. In akwai awaki a gidan, a kewaye da ƙaya ko waya tun ranar dashe.