Sulalla takwas na azurfa, jiya na cike gurbi na ƙarshe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗan matso da wayar kusa da ido ku kalli abin da na shimfiɗa a kan farin ƙyallen nan. Sulalla ne guda takwas a jere, na farko 1913, na ƙarshe 1920, babu shekarar da ta yi tsallake. Wannan na ƙarshen jiya da la'asar ya shigo hannuna, shekara shida kenan gurbinsa yana nan fayau, kuma wallahi daren jiya sai da na tashi sau biyu na haska fitilar waya na sake ƙirga su.

Kullum muna cewa ba ni da ko sisi, ko anini ban samu ba, taro da sisi, amma cikinmu mutum nawa ne ya taɓa riƙe sisin a tafin hannunsa? To bari na faɗa muku yadda lissafin yake. Anini goma shi ne kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo ne, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fataka wadda wasu ke cewa dala sule biyu ce, sule ashirin kuma fam guda. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973 sai sule ya koma kwabo goma, shi yasa har gobe tsofaffinmu a kasuwa in sun ce fam ɗaya naira biyu suke nufi.

Ni farkon abin daga adakar Iya ne, kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. Bayan an yi sadakar bakwai aka buɗe adakar za a raba kaya, can ƙasan zannuwa ƙarƙashin wani tsohon saƙi sai ga ƙullin tsumma an ɗaure shi tamau da zare, sai da aka sa reza. Sulalla uku ne a ciki sun yi baƙi-ƙirin. Kawu ya ce a kai wa maƙeri ya yi wa yara zobba, ni kuma na ce Kawu don Allah a bar min su a cire kuɗinsu a jikina, ya yi shiru ya dube ni sannan ya ce ɗauki. Ga su nan, 1913, 1916 da 1918.

Kafin waɗannan, kuɗinmu wuri ne, wuri dubu ashirin shi ne keso guda, kaya ne na jaki sosai. Manyan fatake kuma suna da liyari, wannan babbar azurfar mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Teresa, nauyinta giram 28, kuma kowacce ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki ko da an buga ta shekara ɗari bayan nan, saboda shekarar da matar ta mutu ce aka bari a kai. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga haraji kuma an ce da kuɗin Bature za a biya. A 1912 Turawa suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, ta haɗa ƙasa huɗu, Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, a 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka, duk na azurfa. Kuma azurfar kirki ce, cikin kashi 1000 kashi 925 zallarta ce.

Ku duba nan, na juya muku ɗaya. Wannan kan Sarki Joji na biyar ne na Ingila da kambinsa. Bayan kuma bishiya ce, a ƙauyenmu kowa ya gani sai ya ce dabino ko giginya, to kwakwar manja ce. Shekarar tana gefe da gefen bishiyar. Yanzu ku lura da wajen gindinta, kun ga wani ɗan mitsitsin harafi H? Wannan alamar ma'aikatar Heaton ce a garin Bamingam, wanda babu harafi kuma a gidan buga kuɗi na Landan aka yi shi. Na fi shekara da sulallan Iya a hannuna ban san da harafin nan ba, sai da wani malamin makaranta ya ara min gilashin da ke ƙara girman abu. Akwai masu tarawa da sai sun haɗa kowace shekara da harafinta, ni dai nawa burin shekara ɗaya sule ɗaya ne.

To me yasa jerin ya tsaya a 1920? Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tashin gwauron zabi, har ta kai ƙarfen da ke jikin sule yana neman fin sulen kansa daraja. Mu kuma nan dama ba ma sakin azurfa, mai gyaɗa in ya karɓa sai ya zuba a tulu ya binne a ƙuryar ɗaki, maƙeran fari su narke su yi awarwaro da zobe da kayan doki, matan Fulani su huda su jera a kitso. Kuɗi yana fita baya komawa. Sai hukumar ta daina, daga 1920 ta koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Hoton iri ɗaya, bishiyar iri ɗaya, ƙarfen ne kawai ya canza.

Nan ne wahalata ta fito, domin shekarar 1920 sule iri biyu ne, akwai na azurfa akwai na tagulla, kuma na tagullar ne ya cika gari. Sau huɗu ana kirana a ce an samo min 1920, sau ɗaya har Maigatari na hau mota ranar Alhamis, na je na tarar da na tagulla ne ya yi datti. Ba yaudarata suka yi niyya ba, in duka biyun sun yi baƙi ido baya rabewa.

Don haka ga yadda nake gwadawa. Mayen ƙarfe baya kama azurfa, amma kar ku tsaya nan don tagullar ma baya kama ta. Ku duba bakin kuɗin inda hannu ya cinye, in fari ne tas to da alama, in ya yi ɗorawa-ɗorawa a bar shi. Sannan ku ɗora shi a kan ɗan yatsa ku ɗan ƙwanƙwasa da wani, ku saurara, kun ji? Azurfa ƙararta siririya ce tana ja, bata yankewa nan take. Sai sikelin masu gwal, sule lafiyayye giram biyar da rabi ne da ɗan ɗori, wanda ya sha hannu zai ɗan gaza. Abu ɗaya nake roƙonku, kar ku dirje shi da toka ko tsamiya ko lemon tsami. Na ga wani yaro ya samu fataka mai kyau ya goge ta da yashi wai ta yi ƙyalli, duk rubutun ya tafi, raina ya ɓaci ranar ba kaɗan ba. Baƙin nan na jikinsa shekarunsa ne, masu saye ma sun fi son sa a haka.

Sauran huɗun na tsince su ɗaya bayan ɗaya, biyu a kasuwar Kurmi wajen masu tsofaffin kaya, ɗaya wajen wani mai gini da ya tono shi a kango, ɗaya musaya muka yi da wani abokina na ba shi sisi biyu.

Na ƙarshen kuwa, akwai wani dattijo maƙerin fari da yake cin kasuwar Gujungu duk Lahadi, yana da gwangwanin madara da yake tara guntayen azurfar da zai narke. Duk zuwana sai na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ko an samu, ya ce yaro ba a samu ba tukuna. Na rubuta masa 1920 a jikin kwali da gawayi, ya soke a rufin rumfarsa, kwalin nan har ya koɗe. Shekaranjiya sai ga saƙo ta hannun wani direba wai Baba ya ce na zo. Jiya na same shi a gida a bakin maƙera, wuta tana ci, ya ciro abu daga aljihun gaba ya ce wata mata ce ta kawo su guda biyar a yi mata zobe, har ya ɗauko awartaki sai ya tuna da kwalin, ya kira jikansa ya karanta masa lambobin. Ya ce "Huɗu sun shiga wuta, wannan na auna mata azurfa daidai nauyinsa na sa a madadinsa, da yardarta." Na karɓa hannuna yana rawa, na duba baki fari, na ƙwanƙwasa, ƙarar nan ta tashi siririya har Baba ya yi murmushi. Na ce Baba nawa zan bayar, ya ce kuɗin azurfar da na zuba kawai, ko kwabo kar ka ƙara.

Ku kalli yadda yake shiga gurbinsa. Wannan allon katakon maina ne, kafinta ya fafe min ramuka takwas tun ina da guda huɗu. Duka takwas ɗin in ka haɗa giram 45 ne, ko kusa da nisabin zakka basu je ba, a tafin hannu ɗaya suke zama. Amma duk lokacin da na buɗe allon nan idona ramin da babu komai yake fara zuwa, yau da safe na buɗe idona ya bi layin tun daga 1913 har ƙarshe bai tsaya ko'ina ba.

Da na dawo jiya bayan magariba na kai wa Inna allon tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Inna bata yi boko ba, bata karanta lamba. Ta goge hannu a zani, ta ja fitila kusa, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya a hankali, sai ta ware guda uku gefe ta ce waɗannan ne na Iya. Na duba, 1913, 1916, 1918.