Sharhi: An Tsare Bangui, Mutanen Ƙauye Fa?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Tun 1997 rundunonin ƙasashen waje ke shiga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da sunan wanzar da zaman lafiya, wannan ta tafi waccan ta zo. A Maris ɗin 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka kifar da gwamnatin François Bozize, 'yan bindigar Anti-balaka, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, suka tashi da ramuwar gayya. Faransa ta turo dakarunta a Disambar shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunar MINUSCA a 2014.

Sojojin nan suna cikin gari aka riƙa farautar Musulmin Bangui, babban birnin ƙasar. Ku tuna da manyan motocin da suka yi ta barin birnin a farkon 2014, an jibga katifu da tukwane, mata da yara a can sama, sun nufi Chadi da Kamaru. 'Yan kasuwa ne da makiyaya, da yawansu a ƙasar aka haife su, ba su san wani gida ba. Haka kuma a garin Alindao, cikin Nuwamban 2018, aka afka wa sansanin 'yan gudun hijira da ke harabar cocin Katolika, aka kashe gomman mutane alhali dakarun Majalisar suna wurin. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Daga 2018 Shugaba Faustin-Archange Touadera ya jawo Rashawa, mayaƙan Wagner, kamfanin sojojin haya na Rasha, suka zama masu gadinsa. Su da sojojin Ruwanda suka taimaka aka kori 'yan tawaye daga bakin Bangui a Janairun 2021. Fadar shugaban ƙasa ta tsira. To amma gadin ba na Allah da Annabi ba ne, domin mahaƙar zinariya ta Ndassima ta koma hannun kamfanin da ke da alaƙa da su, kuma masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun zarge su da kashe fararen hula, ciki har da Fulani.

A ganina nan matsalar take. Duk wanda ya zo, kujerar mulki da ma'adinai yake karewa. An sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyi 14 masu ɗauke da makamai a Fabrairun 2019, aka raba wa shugabanninsu muƙamai, ba a cika shekara biyu ba wasunsu suka sake ɗaukar bindiga. Shi kuwa manomin da aka ƙona wa rumbu, da makiyayin da aka kore wa shanu, sai su yi tafiyar kwana da kwanaki ba su tarar da alƙalin da zai saurari kukansu ba.