Cin zalin da ba ya barin tabo

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar a wani taron malamai da iyayen yara a Zariya)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu maza da mata, sannunku da haƙurin zama.

An ce in yi magana kan cin zali tsakanin ɗalibai. Na san hankalin kowa ya tafi kan ƙaton yaron da ke ƙwace wa ƙanana kuɗin tara, ko siniya a makarantar kwana mai sa na ƙasa da shi wanki da ɗebo ruwa. Wannan ana ganinsa, ana kai ƙara, firinsifal ya hukunta. Wanda ya fi damuna shi ne wanda babu duka babu zagi, sai dai a haɗa baki a mayar da yaro saniyar ware.

Ku leƙa filin makaranta idan an kaɗa ƙararrawar tara. 'Yan mata sun zana 'yar galagala, wata ta matso, aka ce mata, "Mun cika." Ba a jima ba wata ta zo, aka karɓe ta da shewa. Ta farkon ta koma gindin darbejiya ta cinye ƙosanta ita kaɗai. An dawo aji, malam ya ce a rabu biyar-biyar, ita tana tsaye riƙe da littafi har sai da ya cusa ta cikin wasu, su kuwa suka ja jiki zuwa ƙarshen benci. Idan ta daure ta ce, "Malama, ba sa kula ni," kun san amsar da muke ba ta: "To, ana ƙawance dole ne? Jeki zauna."

Gaskiya ne ba a ƙawance dole, kuma yaro yana da ikon zaɓen abokinsa. Amma Dan Olweus, masanin da ya fara nazarin wannan matsala a makarantun Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ba mu ma'auni: a yi abin da gangan, a yi ta maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa. Yara goma sun haɗe wa ɗaya kai tsawon zango guda, wane sharaɗi ne bai cika ba?

A 2003 wasu masana a Amurka, Naomi Eisenberger da abokan aikinta, sun sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Can tsakiyar wasa sai aka daina jefo musu. Wani ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum ya ji ciwo a jiki, shi ne ya motsa. Manya ne fa, kuma wasan 'yan mintoci.

Mu da muka yi karatun Sira ma ba sai an kai mu Amurka ba. Bayan yaƙin Tabuka, Ka'abu ɗan Maliku da wasu sahabbai biyu da ba su je yaƙin ba an daina yi musu magana kwana 50. Ba wanda ya taɓa lafiyarsu, amma Allah Ya ce a Suratut Tauba ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta. Sahabi ke nan, baligi, wanda ya san laifinsa. Ina ga yarinya 'yar shekara 12 da ba ta ma san me ta yi ba? Manzon Allah (SAW) ya hana mutum biyu su keɓe suna raɗa su bar na uku, domin hakan zai ɓata masa rai.

Su wa ake warewa? Mai in'ina, zabiya, mai farfaɗiya wadda har yau wasu ke cewa ana ɗauka, alhali ba a ɗauka. Wanda aka kawo daga ƙauye ake dariyar Turancinsa. A Sabon Gari ko Samaru, inda yaran ƙabilu da addinai daban-daban ke aji ɗaya, wanda ya zama shi kaɗai ne irinsa. Yanzu kuma ga waya: a buɗe guruf na 'yan aji a WhatsApp a bar mutum ɗaya, a shirya ankon walimar kammala karatu, sai dai ta ga hotuna.

Iyaye, ku yi haƙuri, wani lokacin daga bakinmu ake ɗauka. Raba yaro da abokin banza wajibi ne, amma "kada in sake ganinka da 'ya'yan gidan nan" don kawai ba su da hali, wannan darasi ne, kuma makaranta zai je ya aiwatar da shi.

Malamai kuwa, da yawan maganin yana hannunmu kuma ba ya cin ko kwabo. Kada ka ce yara su zaɓi rukuni da kansu, kai ka raba. Ka riƙa sauya musu wurin zama. Malamin da ke kan duti ya fito fili lokacin tara, ya lura da wanda kullum yake zaune shi kaɗai, ko wanda ya fara ciwon ciki duk safiyar Litinin. Kuma don Allah kada ka tsayar da shi gaban aji ka ce, "Daga yau kowa ya yi wasa da wane." Ka ƙara masa kunya ne. Ka kira yara biyu da ake jin maganarsu a ajin, ka ba su aiki tare da shi, kamar rabon littattafai ko kula da allo, ka sa ido mako biyu ka gani.

Shugaba ya miƙo mini takarda cewa La'asar ta gabato, sauran sai a wajen tambayoyi.