Huda keke don a rage masa nauyi: riba ko ɓarna?

Habu: Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Damagaram. Saƙonni sun yi yawa kan masu hawan duwatsun Birni da keke marar sirdi, wai yanzu huda shi ake yi don ya yi sakayau. Malam Isufu, bismilla.

Isufu: To, mu fara da lissafi. Alminiyam da ake yin keken da shi, gutsure mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare giram 2.7 ne. Ka huda rami mai faɗin milimita 10 a bango mai kaurin milimita 2, abin da ka cire bai kai rabin giram ba.

Rabi: Rabin giram? Ai ƙwayar gyaɗa ke nan!

Isufu: Shi ya sa wurin da ya cancanci wahalar ɗaya ne, bakin ƙarfen taya, wanda masu gyara ke ce wa jant. Jant mai inci 26 da waya 32, tsakanin waya da waya akwai wajen milimita 53. Ramin milimita 20 yana cire giram 1.7. A tsallake gurbin bawul da mahaɗar jant, saura rami 30, giram hamsin da ɗoriya a taya ɗaya. Kuma taya ce ake ɗagawa a kowane tsalle.

Habu: Malam, ledar ruwa ɗaya giram 500 ce fa. Mutum ya rage malmalar tuwo mana.

Rabi: Wa zai rage? Kai da ke neman ƙari?

Habu: A'a Yaya Rabi, ni fura nake ragewa.

Rabi: Fura da dabino, da kilishi a aljihu!

Habu: Kilishi ba ya da nauyi, busasshe ne. Shi ma an rage masa...

Isufu: Ku bari in ƙarasa. A cire taya da tib, a auna tsakiya tsakanin waya da waya, a buga alama da ƙusa don kada bakin injin hudawa ya zame. A fara da ƙaramin baki na milimita 3, sannan a buɗa da mai hawa-hawa, a hankali, ana ɗiga mai. In an gama a goge bakin kowane rami da zarto har ya yi santsi. Ƙaramar tsaga aka bari, daga nan fashewa ke somawa, don alminiyam gajiya yake yi da yawan dira. Sai a naɗe cikin jant da ƙaƙƙarfan tef, in ba haka ba tib zai leƙo ta ramin ya fashe. Ga rairayinmu, yana shiga ya riƙa cin tib.

Rabi: To kan keke fa, da sandar feda?

Isufu: Kul! Kan keke, wuyansa, sandar feda, ƙafar gaba, da duk inda walda take, ba a taɓawa. Karyewarsu ba ta sallama.

Habu: Amma Eddy Merckx, zakaran tseren keke, ya huda nasa a 1972 a Meziko.

Isufu: Awa ɗaya ya yi a fili mai santsi, bai diro daga kan dutse ba.

Rabi: Lokaci fa! Batun birki sai mako mai zuwa.

Isufu: Ban ma faɗi jant mai bango biyu ba...

Habu: Sai an jima, jama'a.